Lambar Motar Kawu

Mun kai Kawu makwancinsa ranar Talata bayan azahar. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Na daɗe ban ga jana'iza mai jama'a irin tasa ba a garinmu. An zo daga Kura, an zo daga Bunkure da Garun Malam, har da dillalan tumatir da suka bar kwandunansu a rana suka hau babura suka taho. Fulanin rugar da ke bayan babban kanal suka jingine sandunansu a katanga, suka shiga sahu. A cikin gida, mahaifiyata ta yi ta maimaita magana ɗaya ga duk wadda ta shigo yi mata gaisuwa: "Yau ce ranar da na zama marainiya."

Amma wanda ya san garin ya lura da wani abu a zaman makoki. Mutanen ƙarshen kanal, wato waɗanda gonakinsu ke can inda ruwa ke isa daga ƙarshe, ba su zauna a rumfa tare da kowa ba. Gefe suka shimfiɗa tabarmarsu, a gindin dalbejiya. Sun yi masa salla, sun raka shi, sun yi addu'a. Da aka kai musu abinci suka ce Alhamdulillahi, ba wanda ya sa hannu. Babbansu, wani dattijo da ya tsufa yana bin Kawu duk inda za shi, ya kama hannuna ya ce, "Malam, Allah ya jiƙan Alhaji. Mutumin kirki ne, sai dai..." Sai ya saki hannun, ya gyara zaman hularsa, ya tafi.

Wannan "sai dai" ɗin ita ta sa na ɗauki biro. Na san abin da ke bayanta, kuma da hannuna a ciki.

Kawu manomin rani ne, kuma ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar manoman da ke shan ruwa daga kanal ɗinmu. Ba dogo ba ne, ba shi da yawan fara'a, kuma idan ya buɗe baki ba ya duba fuskar wanda yake gaya wa. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ƙofar direbanta ba ta buɗuwa sai daga waje. Ba motar ce abin kallo ba, lambarta ce. Babu jerin haruffa da lambobi irin na kowa. Kalma biyu ce kawai: NA BAYA.

Ga yadda aka yi ya same ta. Akwai lokacin da yayin lamba ta musamman ya shigo wa masu kuɗin shinkafa na yankinmu. Wannan ya sa sarautar da aka naɗa shi, wancan ya sa sunan 'yarsa, wani ya sa SHINKAFA 1, abokin hamayyarsa kuma ya ji haushi ya sa SHINKAFA kawai, wai shi ba ya bukatar lamba. Kawu yana jin daɗin karanta su. Idan muna tafe a hanyar Zariya wata ta wuce mu, sai ya ce in karanta masa, sannan ya yanke hukunci. "Wannan so yake a san ubansa." Wata ta sake wucewa, sai ya ce, "Wannan kuma so yake a manta da ubansa."

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ya kawo maganar. Yaya taubashina ne, tare muka tashi a gida ɗaya, amma shi birni ya nufa, yana harkar kwangila a Kano. Ya zo wata Juma'a ya ce, "Baba, bai kamata kana yawo da lamba irin ta kowa ba. Zan yi maka taka. SARKIN RUWA za a rubuta."

Kawu ya ce, "Ruwa yana da Sarki, kuma ba ni ba ne."

Yaya ya nace, har Kawu ya gaji ya ce, "To, tunda ka matsa, a rubuta NA BAYA."

"Haba Baba! Mutane suna sa na ɗaya, kai kana sa na baya?"

"Ko ka rubuta haka, ko ka bar mini motata yadda take."

Yaya ya je ya yi duk takardun, ya kawo lambar, aka ɗaura. Daga ranar kowa ya sami fassararsa. Direbobin tasha suka ce tsokana ce, don Kawu ba ya gudu, duk wanda ya faɗo bayansa a siririyar hanyar bakin kanal sai ya karanta sunansa har ya gaji. Liman ya ce tunatarwa ce a kan gidan da ke zuwa daga baya. Masu shinkafa suka ce girman kai ne ya yi shigar ƙanƙan da kai. Duk wanda ya kawo tasa, Kawu sai ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da cin goronsa.

Ni kuwa ya gaya mini ainihin ma'anarta ne wata rana muna zaune a bayan motar a ƙarshen kanal, muna jiran ruwa. Ya ce lokacin da aka fara kawo ruwan nan, aka sake rabon gonaki, ta kakanmu, wato mahaifinsa, ta faɗo a can ƙurya. Alkama suka shuka. Ranar da aka ce an saki ruwa, kakanmu ya zo da fartanya ya zauna a bakin kanal tun hantsi. Na gaba suka sha, na tsakiya suka sha, ruwan ya ƙare a hanya.

"Ina tsaye ina kallonsa," in ji Kawu. "Bai zagi kowa ba. Da la'asar ta yi, ya sauka cikin kanal ɗin, ya buga hannu a ƙasa ya yi taimama, ya yi sallarsa. A cikin kanal, Malam. Tun ranar na ce in dai na isa a ji maganata, ba za a ce an ba da ruwa ba sai na baya ya sha."

Haka kuwa ya yi. Ko da ya sami gonaki a tsakiya, inda ruwa ba ya yankewa, ranar ban ruwa ba gonarsa yake fara zuwa ba. Ƙarshen kanal yake wucewa, ya ajiye mota, ya zauna har sai ya ga ruwa ya iso da idonsa. Idan bai iso ba, sai ya taka a ƙasa ya bi kanal ɗin sama yana neman inda ya tsaya.

Wata rana abin da ya tarar buhunan yashi ne an jera an tare ruwan, an karkatar da shi cikin gonar amininsa, mutumin da suka yi aikin hajji tare, suka kwana ɗaki ɗaya. Kawu bai aika a kira shi ba. Ya tuɓe riga, ya shiga ruwa har ƙugu, ya riƙa ciro buhunan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a hanya. Aminin ya zo da gudu yana cewa, "Alhaji, ni fa? Ni za ka yi wa haka a gaban yara?" Kawu ya ce, "Da na wani ne da sai na yi masa magana tukuna. Kai ka san komai." Rani biyu suka yi ba sa gaisawa. Amma shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin mutumin, da sassafe ya fito ya tarar da irin albasa a ƙofar gidansa, da sawun tayar a-kori-kura a ƙasa.

Da shanun Fulani suka rusa gefen kanal wurin shan ruwa, samari suka ɗauko gorori. Kawu ya tare su, ya ce, "Saniya ba ta san dokar ƙungiya ba, ƙishi ta sani." Ya sa aka haƙa musu mashaya a bakin magudanar da ke kwashe ragowar ruwa, ya yanka wani gefe na gonarsa ya zama burtali. Har yau nan suke bi.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Kawu bai iya yabon nasa ba. Na kawo sakamakon jarrabawa mai kyau, abin da ya ce shi ne, "To, sai ka je ka taya su cire ciyawa." Yaya ya fi kowa shan wannan. Akwai ranar da ya kawo wani attajiri daga birni mai neman fili, ya gabatar da shi cikin jin kai. Kawu ya dubi baƙon ya ce, "Wannan ɗana ne, amma kada ka ɗauki maganarsa a kan ruwa. Bai taɓa jiƙa ƙafarsa a kanal ba." Aka yi dariya. Na ga fuskar Yaya a ranar, kuma ban manta ta ba.

Sannu a hankali lambar nan ta zama kamar sa hannun Kawu. Tsofaffin da ba su san boko ba sun gane ta daga nesa, da siffarta. Idan ba zai sami zuwa wuri ba, ba ya rubuta wasiƙa, motar yake ba wa mutum ya je. Mai tsaron ƙofar ruwa idan ya ga NA BAYA ta tsaya, ba ya tambayar wa ke ciki. Saƙon da ya sauko daga motar nan, na Alhaji ne.

Bara, bayan girbin shinkafa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya kwanta, harshensa ya yi nauyi, amma hankalinsa yana nan. Aka ajiye motar a ƙofar gida aka lulluɓe ta da tamfol.

Farkon rani, ina cikin aji ina koyarwa, aka zo aka ce mutanen ƙarshen kanal suna nemana. Ni ma ina da 'yar gona a can, wadda mahaifiyata ta gada ta bar mini ina nomawa, kuma ni suke kira idan takarda ta zo. Na isa na tarar da su a inuwar mangwaro, ga motar Kawu a tsaye, an wanke ta tas. Yaya ne ya tuƙo ta. Yana riƙe da takardu da tawadar dangwale.

Ya ce, "Taubashi, ka ga Baba ko a kwance bai huta ba. Za a yashe kanal a gyara ƙofofi, amma sai kowa ya sa hannu. Ya ce a fara da na baya."

Takardar da Turanci take, shafi da yawa. Na karanta na farko, maganar yasa ce da gyara. Dattijon nan, babbansu, ya ce, "Malam, mu dangwala?"

Na ɗaga kai na dubi motar. Na ce, "Baba, motar Kawu ce ta kawo. Ai ba sai an karanta ba."

Ni na fara sa hannu. Suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, suna goge babban yatsa a jikin riga, suna cewa a gaida Alhaji da jiki.

Bayan 'yan makonni, tumatir yana cikin fure, ruwa ya daina isowa. Muka bi kanal sama kamar yadda Kawu yake yi. Ba buhunan yashi muka tarar ba. Sabuwar ƙofa ce ta siminti da ƙarfe, an buɗe ta zuwa wata ƙatuwar gona da aka kewaye da waya, ta attajirin nan da Kawu ya taɓa sallama. Muka tafi ofishin hukumar ruwa da ƙara. Ma'aikacin ya buɗe fayil, ya juya zuwa shafi na huɗu, ya nuna mana inda muka amince a rage kwanakin ruwanmu a ba sabuwar gona. Ya juya zuwa na ƙarshe. Sunana ne a sama. Manajan gonar kuwa, Yaya ne.

Ba wanda ya ɗora mini laifi a hanyar dawowa. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban je gida ba, wurin Kawu na wuce. Yana kwance a ɗakinsa, matarsa, wadda muke kira Inna, tana yi masa fifita. Ko zama ban yi ba. Na zayyana masa komai, takardar, ƙofar, furen da ke zubewa. Na ce, "Kawu, kai ka aiki Yaya?"

Ya kalli rufin ɗaki. Sannan ya ce, da harshen nan mai nauyi, "Motar wa kuka gani?"

"Taka."

"Lambar wa?"

"Taka, Kawu."

"To, ni ne."

Inna ta buɗe baki, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ta yi shiru. Ni kuwa na faɗi maganar da zan mutu ina nadamarta. Na ce, "Ashe kai ma za ka sa mutane su yi taimama a kanal." Na fita ban yi sallama ba.

Da bakina na je na gaya wa mutanen ƙarshen kanal cewa Alhaji ya amsa, shi ne. Ina jin har da neman sauke wa kaina nauyi a ciki. Tumatirinmu ya ƙone a tsaye. Wasu suka bar gonakinsu suka tafi birni dako, wasu suka shiga aikin ƙwadago a cikin wayar nan, suna ban ruwa da ruwan da aka ɗauke musu. Na daina zuwa gidan Kawu. Mahaifiyata ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta yi kuka. Da Salla na je, na tsaya daga bakin ƙofa na ce barka da Salla, ya jiki. Ya ce, "Malam, shigo mana." Na ce ana jirana. Ganina da shi na ƙarshe ke nan yana da rai.

Ranar sadakar uku Inna ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, ta sa aka ba mu wuri.

Ta ce, "Ya hana ni faɗa yana raye. Yanzu ba ya nan, ni kuma ba zan iya riƙe ta ba. Kawunka bai san da takardar nan ba. Mukullin motar a ƙarƙashin matashinsa yake. Yayanka ya zo ya ce zai kai ta wurin bakanike, kada inji ya lalace da zama. Ni na ɗaga kan Kawunka aka zaro. Daga bakinka ya fara jin abin da aka yi."

Na ce, "To, Inna, don me ya ce shi ne?"

"Haka na tambaye shi bayan fitarka. Ya ce samarin ƙarshen kanal a fusace suke, idan suka ji ɗansa ne ba za su bar shi da lafiya ba. Ya ce shi kuwa ba wanda zai daki na kwance."

Ta ce kwana biyu ya yi ba ya karɓar ko kunu. Ya sa aka kira Yaya, ya ce ya je ya janye takardar. Yaya ya ce, "Baba, an riga an wuce nan." Ya ce to, a kwance lambar daga jikin motar a kawo masa. Yaya ya ce, "Baba, ai takardun lambar da sunana na yi su tun farko." Inna ta ce daga ranar bai ƙara tambayar ko an saki ruwa ba, mutumin da ko a asibiti ita ce tambayarsa ta farko.

Na fito na tarar da Yaya a rumfa yana karɓar gaisuwa. Na ja shi gefe. Bai musa ba. Ya ce, "Taubashi, duniya ta canja. Noman fartanya ya wuce. Gonar nan ta ɗauki mutum nawa aiki? Baba ne bai gane ba, kai da ka yi boko ai ya kamata ka gane."

Na ce, "Da a motarka ka zo, da na karanta har shafi na huɗu."

Ya ce, "Shi ya sa ban zo a motata ba." Ya koma rumfa.

Zan faɗi gaskiya, tunda saboda ita nake rubutun nan. Yaya ya ci amanarmu, wannan ba ja. Amma akwai ranakun da nake jin Kawu ma ya ci tawa. Ya bar ni na ɗauki sunansa da bakina na kai kasuwa na zubar. Ya bar ni na tsaya a bakin ƙofarsa ina hura hanci, alhali kalma ɗaya ta isa. Kuma da ya faɗi gaskiya a lokacin, ya ce ba da yawunsa ba, wataƙila da ofis ya saurare mu kafin fure ya gama zuba. Duk rayuwarsa na baya yake zaɓa. Rana ɗaya aka sa shi tsakanin na baya da ɗansa, ya zaɓi ɗansa. Ina da 'ya'ya, ban isa in ce da ni ne da ba haka zan yi ba. Amma abin bai daina ciwo ba.

Na je na sami dattijon ƙarshen kanal a gonarsa, na gaya masa duk abin da Inna ta ce. Ya saurare ni har ƙarshe, ya share ido da bakin rawani. Ya ce, "Mun ji, Malam. Allah ya yafe mana zaton da muka yi masa. Amma ruwan fa?" Mun rubuta ƙorafi, wannan karon na karanta musu kowane layi da Hausa kafin su dangwala. Har yanzu muna jira.

Bayan sadakar arba'in, a-kori-kurar tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace, gabanta da bayanta babu lamba. Makon jiya ina kan babur a hanyar Kura, sai wata baƙar jif mai duhun gilashi ta wuce ni. NA BAYA. A gaba kaɗan akwai wata tsohuwar Bafulatana zaune a bakin hanya da ƙwaryar nono. Da ta hango lambar sai ta miƙe da sauri, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta matso bakin kwalta tana ɗaga hannu, domin Kawu bai taɓa wuce mai kaya a hanya ba. Jif ɗin ba ta ko rage gudu ba.

Na tsaya na ce ta hau in rage mata hanya. Ta ce kwanan nan suka dawo daga kiwo a kudu. Tana ta kallon inda motar ta bi, ta ce, "Alhaji ya yi sabuwar mota, ya daina ganin mutane."

Na ce, "Iya, Alhaji ya rasu. Ba shi ne a ciki ba."

Ta sauke ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta yi salati, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo da Fulatanci, ina cewa amin ba tare da na san abin da take faɗa ba. Da ta shafa, ta dube ni ta ce, "To, shi ya sa. Na san da shi ne da ya tsaya."

Ya Allah, ka ji shaidar baiwarka. Ka karɓa, ka yi wa Kawu rahama, ka yafe mini abin da na faɗa masa.